Yadda Ake Auna Ruwan Rijiya da Ƙasar Bakin Dam Kafin a Nemi Magani

A ƙauyukan da ke zaune a bakin ruwa a jihar Katsina, ko gefen dam ɗin Sabke da na Daberam a ƙasar Daura ne, ko Jibiya, ko Ajiwa, ko Zobe ta wajen Dutsin-Ma, akwai koke guda biyu da kan taso tare idan rani ya tsananta. Na farko, ruwan rijiya ya canza ɗanɗano ko launi. Na biyu, wani yanki na fadama ya ƙi shuka: an dasa tumatir ya ƙone, an sa albasa ta tsaya cak, ƙasar ta yi wani ɓawo a sama. Nan da nan sai masu ba da shawara su yi yawa. Wannan ya ce a zuba farar ƙasa, wancan ya ce a yanka magudana ruwan ya tsiyaye, wani kuma ya ce taki ne bai isa ba.

Matsalar ita ce cututtuka biyu ne mabambanta ke kawo wa ƙasa wannan kama, kuma maganin ɗaya guba ne ga ɗayar. Akwai ƙasa mai kanwa da gishiri, wadda ita ce muka fi sani a nan arewa. Akwai kuma ƙasa mai tsamin farar wuta, wadda masana ke kira ƙasar asid da salfet. Ka zuba wa mai kanwa farar ƙasa, ka yi asarar kuɗinka, ƙasar ba ta gyaru ba. Ka yanka wa mai farar wuta magudana, kai da hannunka ka tayar da tsamin da yake kwance, ya bi ruwa ya shiga rijiyoyi da tafki. Awon da ke raba su ba shi da tsada, kuma yawancinsa mutanen gari na iya yi da kansu.

Abin da ake nema a ƙarƙashin laka

Inda ruwa ya daɗe kwance a kan laka mai ruɓaɓɓen ganye, iska ba ta shiga. A irin wannan wuri wasu ƙwayoyin halitta kan haɗa farar wutar da ke narke cikin ruwa da ƙarfen da ke cikin ƙasa, su samar da wani ma'adini da ake kira fairait. Shi ne dutsen nan mai ƙyalli kamar zinare da ke ruɗar masu haƙar ma'adinai, sai dai a cikin laka ƙwayoyinsa ƙanana ne ainun, ido ba ya ganinsu. Muddin yana cikin ruwa ba ya cutar da kowa, ko da zai shekara dubu. Ranar da ruwa ya janye, ko aka tono lakar aka jibge ta a sarari, sai iska ta same shi ya fara fitar da asid, irin wanda ke cikin batirin mota. Tan ɗaya na fairait na iya haifar da kusan tan 1.6 na wannan asid. Asid ɗin kuma ba ya tafiya shi kaɗai, yana narkar da ƙarfe da aluminiyam, wani lokaci har da asanik da sauran ƙarafa masu guba, ya kwashe su zuwa cikin ruwa. Kifi ya mutu, saiwar shuka ta ƙone, siminti da bututun ƙarfe su zagwanye.

Gaskiyar magana, gidan wannan ƙasa bakin teku ne, domin ruwan teku ne ke cike da salfet, wato farar wutar da ke narke cikin ruwa. A Nijeriya ana samunta a dazukan bakin teku na yankin Neja Delta. Ta wahalar da manoman shinkafa a Kasamans ta ƙasar Sanagal, musamman bayan farin shekarun 1970, haka a Gambiya da Gini Bisau da Saliyo da bakin kogin Mekon a Biyetnam. Amma an ga ta bayyana a tafkunan ruwan daɗi ma. A kudancin Ostareliya, lokacin babban farin da ya tsananta daga 2007 zuwa 2010, tafkunan Alexandrina da Albert da ke ƙarshen kogin Murray sun ja baya, lakar ƙasansu ta fito fili, wurare masu faɗi suka yi tsami. A ƙasar Katsina ba ita ce za ka fara zargi ba. Idan aka kira ni in duba fadamar da ta lalace a Daura, kanwa zan fara tsammani, idan kuma rijiya ce, masai zan fara nema. Sai dai duk inda ake da baƙar laka mai wari da ta daɗe a ƙarƙashin ruwa, ga shi ana shirin yashe dam ko tona magudana ko faɗaɗa noman rani zuwa inda ruwa ya janye, ya wajaba a auna kafin a sa shebur. Haka kusa da tarin ƙasar da masu haƙar zinare suka bari, domin fairait na yawan zama tare da zinare.

Mataki na farko: ƙafa da baki

Kada ka fara da na'ura. Ka fara da mai unguwa ko dagaci, ka gabatar da kanka, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka nemi a haɗa ka da sarkin noma da sarkin ruwa da wani tsohon mahaƙin rijiya. Mutumin da aka gani yana ɗibar ruwa a rijiyoyin gari cikin kwalabe ba tare da sanin shugabanni ba, zargi zai jawo wa kansa.

Tambayoyin da suka fi amfani ba na kimiyya ba ne. Ka ce wa mahaƙin rijiyar, “Baba, da kuna haƙa rijiyar bakin masallaci, bayan yashi me kuka tarar?” Zai gaya maka gaba nawa suka yi kafin jan ƙasa, inda suka ci karo da yumɓu, ko yumɓun fari ne ko baƙi, ko ya yi wari. Wannan bayani injiniya sai ya kashe kuɗi mai yawa kafin ya samo shi. Matan gida su ne suka san rijiyar da sabulu ba ya kumfa da ruwanta, da wadda ke sa farin kaya ya yi ja, da wadda wake ba ya nuna da ita da wuri. Masunta sun san ko an taɓa wayar gari an ga kifi ya taso matacce bayan ruwan farko na damina. Wannan alama ce da ya kamata a riƙe, domin ruwan farko ne ke wanko tsamin da ya taru a busasshiyar laka, ko da yake ƙarancin iska a cikin ruwa da maganin feshi ma suna kashe kifi.

Daga nan ka zana taswirar garin a takarda, ko da ta hannu ce. Ka sa bakin ruwa na damina da na rani, kowace rijiya da tuƙa-tuƙa, kowane masai da ke kusa da su, turken dabbobi, juji, maƙabarta, kududdufi, da gonakin ban-ruwa. Ka ba kowace rijiya lamba. Ka auna tazarar da ke tsakaninta da masai mafi kusa. Abin da aka saba shawartawa shi ne kada ta gaza mita 30, kuma masai ya kasance a gangare, rijiya a sama. A ƙasa mai yashi irin ta arewacin jihar, inda ruwa ke ratsawa da sauri, mita 30 ɗin ma ba yawa ba ce.

Ka duba jikin rijiyar: tana da murfi, bakinta ya ɗaga sama da ƙasa, daɓen simintin ya tsage, ruwa na kwanciya a gindinta, guga nawa ake zurawa, a ina ake ajiye igiya. Rabin amsar binciken ƙwayoyin cuta a nan take, tun kafin a je ɗakin gwaji.

Lokaci da kayan aiki

Awo ɗaya ba ya isa. A yi a ƙarshen rani, wajen Afrilu ko Mayu, lokacin da ruwan ƙasa ya yi nisa, gishiri ya taru, lakar bakin dam ta fito. A sake a watan Agusta ko Satumba, lokacin da ruwa ya taso kusa da ramukan masai. Sau da yawa rijiyar da ta fita lafiya a Afrilu ita ce ke ɗauke da amai da gudawa a Agusta.

Kayan da ake buƙata: na'urar auna pH mai kamar biro, ko takardun awo masu canza launi, na'urar auna yawan gishirin da ke narke cikin ruwa, takardun auna naitiret (sinadarin da ke shiga ruwa daga masai, turke ko takin zamani), ƙananan kwalaben gwajin ƙazanta da ke yin baƙi idan ruwa ya gurɓata, robobi masu tsabta, kula da ƙanƙara, igiya mai alamar mita, sungumi ko ƙarfen huda ƙasa, ledoji masu kauri, tataccen ruwa wanda aka cire wa duk gishirin da ke narke a ciki, lemun tsami, da littafi. Ma'aunin pH daga 0 yake zuwa 14. Bakwai ne tsakiya, abin da ya yi ƙasa tsami ne, abin da ya yi sama ɓangaren kanwa ne. Kowace lamba ɗaya ninki goma ce, wato ruwa mai 4 ya fi mai 6 tsami sau ɗari. Na'urar biro kuwa sai an daidaita ta kowace safiya da ruwan gwaji mai lamba 4 da mai lamba 7 da ake sayarwa tare da ita, in ba haka ba ƙarya za ta yi ta zuba maka cikin natsuwa. Tataccen ruwa ana samunsa wajen masu gyaran batir, amma ka auna shi kafin ka yi aiki da shi, domin a shago ɗaya ake ajiye shi da mai asid.

Awon ruwan rijiya

Da sassafe, kafin mata su fara ɗiba, ka zura igiya ka auna zurfin da ke tsakanin bakin rijiya da fuskar ruwa, ka rubuta. Idan ka jera lambobin rijiyoyi daga bakin dam zuwa cikin gari, kana kuma la'akari da tudu da kwari, za ka fara gane inda ruwan ƙasa ya nufa. A wurare da yawa dam ne ke ciyar da rijiyoyin kusa idan ya cika, in ya ja baya kuma ruwan ƙasa ya juyo ya nufi dam. Ruwa kan kwashi abin da ya ratsa, don haka sanin hanyarsa shi ke nuna maka wanda za ka zarga.

A tuƙa-tuƙa ka ɗebi ruwan farko a roba ɗaya, sannan a yi ta bugawa na mintuna biyar zuwa goma, ka ɗebi na biyu. Idan na farko ja ne, na biyu ya washe, tsatsar bututu ce. Idan kuwa ruwan ya fito garau amma bayan ya kwana a bokiti ya yi ja, ƙarfen daga cikin ƙasa yake. Maganinsu daban ne: na farko sauya bututu zuwa na roba ko ƙarfen da ba ya tsatsa, na biyu kuwa shan iska da tacewa da yashi.

pH da gishiri a bakin rijiyar ake auna su nan take, ba a gida ba. Ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya, wadda hukumar tabbatar da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ta fitar a 2007 da lamba NIS 554, aka sabunta ta a 2015, ta ce pH ya kasance tsakanin 6.5 da 8.5, jimillar gishirin da ke narke kada ta wuce miligiram 500 a lita, naitiret 50, salfet 100, fuloraid 1.5, ƙarfe 0.3, dalma da asanik 0.01 kowanne, sannan kada a sami ƙwayar E. coli, wadda ke nuna bayan gida ya shiga ruwa, ko ɗaya a mililita 100.

A nan ne mutane kan yi saurin yanke hukunci. Ka auna rijiya ka ga 5.8 ko 6.0, sai ka ce shi ke nan an sami ƙasar asid. Ba haka ba ne. Ruwan ƙasa a wurare masu yashi ko dutsen gwaranit yakan ɗan yi tsami saboda iskar kabon da ke narke a ciki, kuma hakan ya zama ruwan dare. Ga yadda za ka raba su: ka zuba ruwan a kwano mai faɗi, ka kaɗa shi sosai, ka bar shi a buɗe ya kwana, ka sake aunawa. Idan lambar ta hau zuwa wajen 7, iska ce ta fita, babu wata fargaba sai ta cin bututun ƙarfe. Idan ta tsaya ko ta ƙara sauka, ga jan gari ya kwanta a gindin kwano, to akwai asid na gaske. Ruwan da ya sauka ƙasa da 5 ya cancanci bincike mai zurfi, wanda ya kai 4 ko ƙasa kuwa a dakatar da shansa a ranar, mutum da dabba.

Takardar naitiret daƙiƙa kaɗan take ɗauka. Idan ta nuna sama da 50, daga masai ne ko turke ko takin zamani na gonakin ban-ruwa. Haɗarin ya fi yawa ga jariran da ba su kai wata shida ba, waɗanda ake dama wa madara ko a ba su ruwan: jininsu kan kasa ɗaukar iska, leɓe da farce su yi shuɗi. Tafasawa ba ta cire naitiret, ƙara masa ƙarfi ma take yi tunda ruwan ne ke ƙonewa. Alif da garin 'ya'yan zogale ma laka suke kwantarwa, ba sa taɓa shi. Sai dai a sauya rijiya.

Kwalbar gwajin ƙazanta kuwa, ka wanke hannu, ka cika ta ba tare da yatsa ya taɓa baki ko murfi ba, ka ajiye a ɗaki cikin inuwa. In ta yi baƙi cikin kwana ɗaya zuwa biyu, ana zaton bayan gida ya shiga ruwan. Akwai wani abu da ya shafi batunmu: a ruwan da dama yake warin baragurbi saboda farar wuta, kwalbar na iya yin baƙi ba don ƙazanta ba. Irin wannan sai ɗakin gwaji ya raba gardama.

Abin da za a kai ɗakin gwaji a raba shi biyu. Na ƙwayoyin cuta a kwalbar da su ma'aikatan suka bayar, a cikin kula da ƙanƙara, ya isa cikin awa shida in da hali, kada dai ya wuce awa 24. Na sinadarai a robar lita ɗaya da aka ɗauraye sau uku da ruwan rijiyar, a cika ta fal babu sararin iska. Ka nemi a auna salfet, kuloraid, ƙarfe, manganis, aluminiyam, fuloraid, dalma da asanik. Za ka iya tuntuɓar hukumar samar da ruwa da tsafta a karkara ta jiha, RUWASSA, ko sassan kimiyya na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ko Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Kaduna, ka tambayi wanne suke iya aunawa kafin ka ɗauko ruwan. Hoton da ke nuna farar wuta shi ne abubuwa huɗu su haɗu a rijiya ɗaya: pH ƙasa, salfet sama, ƙarfe sama, aluminiyam sama. Ɗaya shi kaɗai ba hujja ba ce.

Duba ƙasa da ido

Ka bi bakin ruwa inda ya janye, da magudanai, da duk inda aka taɓa tono aka jibge ƙasa. Ƙasa mai kanwa tana yin farin ɓawo mai laushi, wani wuri da baƙin tabo kamar an zubar da mai, ruwa kan kwanta a kanta ya ƙi shiga, in ta bushe ta yi tauri. Ka matsa lemun tsami a kan ɓawon. In ya yi kumfa yana ƙara, kanwa ce ko dangin farar ƙasa, kuma wannan labari ne mai daɗi ta wani fannin, domin ƙasar da ke da su tana kashe tsami da kanta.

Ƙasa mai tsamin farar wuta kamarta daban. Alamar da ta fi ƙarfi ita ce ɗigo-ɗigo masu launin rawaya fari-fari, kalar busasshen karan dawa, a jikin tsagar yumɓu da ramukan tsofaffin saiwoyi. Sunan wannan ma'adini jarosait, kuma ba ya samuwa sai inda tsami ya yi tsanani. Kada a ruɗe shi da jan tabo ko ruwan goro na tsatsa, wanda kusan kowace fadama tana da shi. Sauran alamu: jan kumfa mai yauƙi a magudana, ruwan kududdufi da ya yi garau fiye da kima babu ko kwaɗo a ciki, kwalbatin da simintinsa ya zube tsakuwa ta fito, da baƙar laka mai santsi mai warin baragurbi idan an taka.

Za ka kuma ga wani maiƙo mai launin bakan gizo a saman ruwan da ya kwanta. Manoma kan ce injin ban-ruwa ne ya zubar da mai. Ka sa tsinke ka taɓa shi. In ya farfashe gutsi-gutsi kamar gilashi bai koma ya haɗe ba, ƙarfe ne da ƙwayoyin halitta suka taso da shi. In ya kewaye tsinken ya sake haɗewa, mai ne.

Tona rami da awon tsami

A zaɓi wurare a jere daga bakin ruwa zuwa tudu, a haɗa da wuri ɗaya mai lafiya don kwatance. A huda ƙasa, ana ɗibar samfuri kowane santimita 25 da duk inda launi ya sauya, har a wuce zurfin da ake niyyar tonawa da mita ɗaya. Kowane samfuri a raba uku.

Kashi na farko a dama shi nan take da tataccen ruwa daidai yawansa, a bar shi mintuna kaɗan, a auna. Sama da 8.5 kanwa ce. Tsakanin 5.5 da 7.5 shi ne abin da aka saba gani. Idan ya nuna 4 ko ƙasa, ga kuma ɗigon rawaya, tsamin ya riga ya farka.

Wuyar aikin tana ga lakar da tsaminta ke barci. Baƙar laka daga ƙarƙashin ruwa za ta iya nuna maka 7 cif, alhali cike take da fairait. Ƙwararru kan gano ta da ruwan haidurojin ferokzaid mai ƙarfin kashi 30 cikin ɗari, wanda ke yi wa lakar cikin mintuna abin da iska za ta yi mata cikin watanni: a ɗiga shi a kan ɗan samfuri, in ya tafasa da ƙarfi, pH ya faɗi ƙasa da 3, akwai fairait. Wannan ruwa yana ƙona fata, yana makantarwa, kuma kumfarsa na iya yin tsartuwa, don haka aikin mai safar hannu da tabarau ne wanda aka horar. Na kemis mai kashi 3 ko 6 ba ya ba da sakamakon da za a dogara da shi. Kumfa kaɗai ma ba hujja ba ce, ruɓaɓɓen ganye da manganis duk suna sa ta.

Hanyar da na fi so ga mutanen gari ba ta buƙatar komai sai haƙuri. Ka ɗauki kashi na biyu, ka baza shi a leda ko faranti na roba, kaurinsa kada ya wuce santimita ɗaya, ka ajiye a inuwa inda iska ke shiga. Kada ya bushe ƙarau, kada kuma ya nutse, a riƙa yayyafa masa tataccen ruwa ya zauna da danshi. Kowane mako ka gutsura ka auna, har mako takwas ko fiye. Laka mai lafiya za ta ɗan motsa kaɗan ta tsaya. Mai fairait za ta yi ta gangarowa, daga 7 zuwa 6, zuwa 5, har ta kai 4 ko ƙasa, wani lokaci ka ga rawayan nan ya fito a samanta da idonka. Amfanin wannan hanya shi ne sarkin noma da kansa zai ga abin da zai faru da gonarsa in an tsiyaye ta, ba sai wani ɗan boko ya karanta masa takarda ba. Ana iya ajiye farantan a makarantar gari, malamin kimiyya da ɗalibansa su riƙe littafin.

Kashi na uku a matse iskarsa, a ɗaure a leda biyu, a sa cikin ƙanƙara. In kashi na biyu ya nuna alama, shi za a aika a auna yawan farar wutar da ke ciki. Sashen kimiyyar ƙasa na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya wuri ne da za a fara tambaya. Samfurin da aka bari ya bushe a bayan mota ya riga ya canza, awonsa ba shi da amfani.

A kula da rai: iskar nan mai warin baragurbi guba ce, ta fi iska nauyi, tana taruwa a gindin rami da rijiya, kuma in ta yi yawa hanci kan daina jin ta. Fitilar da mahaƙa ke zurawa rashin iskar shaƙa take nunawa, ba ta nuna wannan. Ramin da ya yi irin wannan wari kada kowa ya shiga.

Abin yi bayan sakamako

In ƙazanta ce, wadda ita ce za a fi samu, a gyara bakin rijiya da daɓe, a yi murfi, a tsayar da guga ɗaya da ake ratayewa, a yashe, a zuba kulorin mai ƙarfi ya kwana, a kwashe ruwan har warin ya ragu, sannan a sake gwadawa bayan mako biyu. In ta sake yin baƙi, ta ƙarƙashin ƙasa ƙazantar ke zuwa, kuma ko masai ya tashi ko rijiyar ta koma ta wanki.

In kanwa ce, a auna ruwan ban-ruwan ma. A ma'aunin FAO, hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ruwan da ƙarfin gishirinsa bai kai 0.7 ba a awon desisimin, ma'aunin da ake gane yawan gishirin ruwa da shi, ba shi da matsala, daga nan zuwa 3 sai da lura, sama da 3 yana rage amfanin yawancin kayan lambu sosai. Ita wannan ƙasa magudana take so, da jifsam, wani farin ma'adini da ake zuba wa ƙasa mai kanwa, da takin gargajiya, da ruwa mai kyau da zai wanke gishirin ya yi ƙasa.

In kuwa farar wuta ce, doka ta farko a bar ta cikin ruwanta. Kada a yanka magudana mai zurfi, kada a kafa injina da yawa da za su zuƙe ruwan ƙasa har ya sauka ƙasa da shimfiɗar baƙar lakar, kada a kwashi lakar dam a baza a gona da sunan taki. Inda za a iya, a mai da wurin na shinkafa ko a bar wa ciyawa. In dole ne a tona, a yi rami mai faɗi marar zurfi, a mai da lakar ƙarƙashin ruwa cikin gaggawa, ko a cakuɗa ta da garin dutsen farar ƙasa.

Lissafin farar ƙasar shi ne ke nuna dalilin da ya sa rigakafi ya fi. Kowane kilo ɗaya na farar wuta yana buƙatar kilo 3.1 na tsantsar garin, kuma akan ninka da ɗaya da rabi tunda ba ya gaurayuwa daidai. Ɗauki ƙasar da ke da kashi 0.1 cikin ɗari kacal. Tan ɗaya nata zai ci kusan kilo 4.7. Hekta ɗaya zuwa zurfin santimita 20 kusan tan 3,000 ce ta ƙasa, wato tan 14 na gari, buhu 280 masu kilo 50, kuma saman ƙasar kawai aka taɓa. A lura kuma da abin da ake saya. Farin yumɓun da ake haƙowa ta wajen Ƙanƙara kawolin ne, ba ya kashe tsami ko kaɗan, jifsam ma haka. Kafin ka biya, ka ɗebi kaɗan a tafin hannu ka matsa masa lemun tsami, in bai yi kumfa ba ka bar wa mai shi kayansa. A sanar da hukumar da ke kula da dam ɗin, ko ta jiha ce ko Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, domin hawa da saukar ruwan a hannunta yake, kuma rijiyoyin da ke gangaren wurin a ci gaba da auna pH ɗinsu kowane wata, musamman a makonnin da suka biyo bayan ruwan farko.